Waken Da Ƙwaro Ya Ƙi

Waken da aka kawo wa Sa'adiyya ranar Litinin ya cika kyau, kuma kyan nan nasa shi ya fara ɗaga mata hankali.

Mai baro ne ya turo buhun har ƙofar soro, ya ce saƙon Alhaji Abdulmuttalib ne, ɗan kwangilar da ke raba kayan abincin makarantu. Wata bakwai ke nan Sa'adiyya tana dafa wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren unguwarsu, can bayan Ƙofar Mata, a shirin nan na ciyar da ɗalibai. Yau shinkafa, gobe taliya, ranar Laraba kuwa alala. Ta saba da kayan Alhaji. Shinkafarsa sai an yini ana tsince tsakuwa, manjansa da maƙaƙi, wakensa kuwa rabi ƙwaya rabi gari, in ka buɗe buhu ƙwari su yi ta fitowa kamar an tashi daga kasuwa. To, sai ga wannan fari fat, manya-manya, kamar an bi kowace ƙwaya an goge da tsumma.

Ta tura hannu can ƙasan buhun ta ɗebo, ta baza a faifai. Damina ta yi nisa, sabon wake da saura, duk waken da ke kasuwa a irin wannan lokaci tsoho ne. Tsohon wake kuwa ba ya rasa huda. Ta juya, ta sake juyawa. Ko huda ɗaya babu. Da ta kai hancinta, sai wani wari ya doke ta, kamar an zuba kananzir a kan ruɓaɓɓiyar tafarnuwa. Ta yi atishawa sau uku, bayan hannunta ya soma ƙaiƙayi.

Mijinta Sabo yana zaune a kan turmi yana wanke ƙafa. Marini ne, hannayensa shuɗi har gwiwa, shuɗin da sabulu ya daɗe da haƙura da shi.

Ya ce, "Ke dai ba a iya miki, Sa'a. In an kawo mai ƙwari ki yi mita, yau an kawo mai kyau kina yatsina fuska."

Ta ce, "Malam, abin da ƙwaro ya ƙi, me zai sa ɗan Adam ya so shi?"

"Warin sito ne. Ki shanya, iska za ta kwashe. Ba kin ce jibi manya za su zo ba? Ai dole Alhaji ya fito da na ƙasan akwati."

Haka ne. Hedimasta Malam Mikail ya gaya mata tun makon jiya cewa ranar Laraba baƙi za su zo daga kwamitin da ke kula da shirin, da masu kyamara, su ga yadda yara ke cin abinci mai gina jiki. Ya ce ta wanke farar hular girkinta, ta goge.

Sa'adiyya ta ɗaure bakin buhun ta jingine shi a ɗakin girki. Ita ma ba ta son warin ya zama wani abu da ya wuce wari. Marina ta yi sanyi, Sabo kan yi kwana huɗu bai tsoma ko ɗankwali ba. Tukunyar makarantar nan ita ke riƙe da gidan. Ƙanzon da ya kama a gindinta da ɗan abin da ya saura bayan an sallami yara, shi suke ci da yamma. Autarsu Bahijja, 'yar aji biyu, bara war haka gashinta ya yi ja ya kakkarye, wuyanta kamar sillen kara. Yanzu kumatu sun fara dawowa, har kitso yana zama.

Da safiyar Talata ta tarar da ɓera a gindin buhun. Ya ɗan ɓula kusurwa, bai ko yi nisa ba. Yana kwance a sanƙare, baki buɗe, tururuwa sun kewaye shi amma ba su hau ba. Ta tsaya tana kallonsa. Can ta sa tsintsiya ta tura shi a kwali ta fitar, tana ce wa ranta ai ɓeraye na mutuwa kullum.

Bayan ta kai wa yara taliyar ranar ta dawo, sai ta hau aikin gobe. Mai alala tun ana gobe take surfe, ta shanya, da asuba sai markaɗe kawai. Ta jiƙa kwano shida, ta zuba a turmi ta surfa, ta wanke. Ruwan farko ya fito da wani maiƙo-maiƙo a sama, irin wanda ake gani a kwatar masu gyaran babur. Ta tsiyaye shi da ɓawon a bokiti kamar yadda ta saba.

Ba ta gama ba sai ga sallamar 'Yardada, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su. Shekara da shekaru, duk ranar da aka yi surfe a gidan nan, ko gero ko wake, 'Yardada ke zuwa ɗaukar ƙasari ta kai wa akuyarta Kyalla. Haka ake yi a lungun. Ba a zubar da ruwan surfe a kwata alhali maƙwabci na da dabba. Wanda ya zubar ma sai an yi da shi.

Tsohuwar ta ce, "Ina uwar ɗakin Kyalla? Tun safe take leƙen ƙofa, ta ji ƙarar taɓarya."

"Inna, ke dai akuyar nan ta fi ki cin daɗi."

"Ai dole, mai juna biyu ce. Ni me zan haifa? Ina mai baƙin hannu? Ya tafi gadin rijiyoyin rini?"

"Ya tafi, sai azahar."

'Yardada ta sunkuci bokitin tana nishi, ta fita. Sa'adiyya ba ta ko ɗago ba, tana can tana baza wake a tabarma. Hannu ne ya saba bayarwa, tunani bai bi ta kai ba.

Ana kiran azahar ta ji ihu ta bayan katanga. Ta ja mayafi ta ruga. Kyalla tana kwance a gindin turke, ƙafafu suna shure-shure, kumfa tana dalala daga bakinta har ƙasa, idanu sun juye, bayanta duk zawo. 'Yardada ta durƙusa tana ɗura mata manja da cokali, manjan yana dawowa ta hanci. Kafin ka ce me, tsakar gidan ya cika.

Wani ya ce, "A kawo wuƙa! Kada ta yi mushe!"

Sabo ya shigo daidai lokacin, aka miƙa masa wuƙar. Ya dubi tsohuwar, ta kau da kai ta ɗaga masa hannu. Ya yi bisimilla ya yanka.

Labari ba ya kwana a lungu. Kafin a gama fiɗa, yara da mata sun fara taruwa a soro da kwanuka a ɓoye cikin mayafi, don kowa ya san naman da aka yanka a kan gaɓar mutuwa ba a kai shi kasuwa, rabawa ake yi. Akwai gidajen da rabonsu da nama tun babbar salla. Ado mai facin taya har ya kawo tire, ya tsuguna kusa da Sabo yana ba da shawarar yadda za a kasa.

Sabo ya farke cikin. 'Ya'ya biyu ne a ciki, har sun yi gashi. 'Yardada ta ce, "Inna lillahi," ta zauna daɓas. Da ya tsaga tumbin, sai warin nan ya tashi. Sa'adiyya ta gane shi tun kafin ya gama isowa hancinta: kananzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, yanzu haɗe da ɗumin ciki. Babu komai a tumbin sai ɓawon wakenta. Ta juya ta kama katanga, ta yi ta amai har sai da ta ga duhu-duhu.

Da ta samu numfashi ta ce, "Inna, ni na kashe miki ita. Ƙasarin nan ne. Waken ne."

Ado ne ya fara magana. "To ai wuta tana kashe komai. A yar da kayan cikin, a tafasa tsokar da kyau, a sa citta da kanumfari. Mu da muka ci abin da ya fi wannan?"

'Yardada ta ce, "Ado, ɗauki tirenka."

"Haba Inna, halal ce fa, a gabanmu aka yanka."

"Na ce ɗauki tirenka. Ko ƙashi ba zai fita daga gidan nan ba."

Aka watse ana gunaguni. Wata mata tana fita tana cewa tsohuwa ta yi rowar abin da ita ma ba za ta ci ba. Sabo ya haƙa rami a bayan turken, suka tura naman da fatar da 'ya'yan, ya zuba toka ya mayar da ƙasa. Sa'adiyya ta lura Ado bai tafi ba. Yana tsaye a bakin soro yana kallon daidai inda aka rufe, kamar mai auna zurfin ramin da ido. Sai da Sabo ya mirgino tsohon dutsen niƙa ya ɗora a kai sannan Ado ya juya.

'Yardada ta kama hannun Sa'adiyya. "Daina kukan nan, 'yar nan. Ke kika jiƙa waken da guba? Gara da Kyalla ta riga 'ya'yan mutane ɗanɗanawa. Tashi ki je ki gaya musu."

Ta tarar da makarantar kamar gidan biki. Ana kafa rumfa, ana shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa, an rataye wani ƙyalle mai hoton yaro yana dariya da cokali a hannu. Alhaji Abdulmuttalib da kansa yana wurin, cikin shadda ruwan madara, yana nuna inda za a jera kujeru. Malam Mikail yana biye da shi da hula a karkace.

Ta durƙusa ta gaishe su, ta faɗi abin da ya faru tun daga ɓera har zuwa tumbi. Alhaji yana saurare yana danna waya.

Ya ce, "Akuya? Malama, akuyar birni ai leda take ci. Kullum mutuwa suke yi."

"Ranka ya daɗe, an buɗe cikin a gabana. Babu leda."

"To ke likitar dabbobi ce?" Ya dubi hedimasta ya yi dariya, hedimasta ma ya ɗan taya shi. "Ji nan. Magani ne aka sa, ba na musu. Kowa yana sawa. In ba a sa ba, ƙwari su cinye, ku ce Alhaji ya kawo gari. So kike baƙi su ɓare alala su ga ƙwaro a ciki, a nuna a talabijin? Yaran sito ne dai hannunsu ya ɗan yi nauyi. Ki wanke da ruwan zafi sau biyu, ki cika attaruhu da albasa. Tafasa tana kashe komai."

Maganar Ado ce sak, sai dai wannan da turare a jikinsa.

Ta ce, "Alhaji, in na dafa za ka ci?"

"Ni olsa gare ni, likita ya hana ni wake. Baƙi kuma an yi musu odar abincinsu daga otal, kada ki damu da su." Ya sa wayar a aljihu. "Ba na son doguwar magana. In za ki iya, bismilla. In ba za ki iya ba, da sassafe zan aiko a ɗauki buhun a kai wa Hajo mai dafa wa makarantar Ɗan Agundi, ta dafa a kawo a mota. Mata ɗari ne ke neman farar hular nan taki."

Ya wuce wajen masu rumfa. Malam Mikail ya rako ta har bakin ƙofa, yana waige-waige. Mutumin kirki ne a yadda kowa ya san shi, shi ya sa sunanta a aikin ma da ya ga halin da Bahijja ke ciki.

Ya rage murya. "Malama Sa'adiyya, ni saura shekara biyu in yi ritaya. In shirin nan ya bar makarantar nan, rabin yaran ba za su ƙara zuwa ba, kin sani. Ki yi yadda ya ce, ki wanke da kyau, Allah zai kiyaye." Ya sake waigawa. "Ni dai zan ce wa ɗana Abdulhakeem ya ce yana azumi. Ke ma ki ja kunnen Bahijja, kada ta karɓa. Shi ke nan."

Ta dube shi. Bai iya haɗa ido da ita ba, ya tsaya yana gyara hula.

Abin da ya fi ba ta ƙyama a hanyar gida ba maganarsa ba ce. A'a, yadda maganar ta samu wurin zama a zuciyarta ne. Daga ƙofar makaranta har wajen mai markaɗe tana jujjuya ta. A wanke sau uku. A hana Bahijja. Wataƙila yara su yi ɗan ciwon ciki, a ce damina ce. Ƙanzo ya ci gaba da shigowa gida. Sai da ta iso bakin lungu ta ga 'yan biyun gidan mai unguwa, 'yan aji ɗaya, waɗanda kullum ke cewa "Umma a ƙara" suna lashe kwano, sannan ta ji yawu mai ɗaci ya cika mata baki. Ta tofar a kwata, ta goge bakinta da mayafi kamar ta taɓa najasa.

Ta tarar da Sabo ya kwashe waken shanya ya mayar gefe, ya hana kaji zuwa wurin. Ta gaya masa yadda aka yi. Suka zauna suna kallon buhun kamar baƙon da aka rasa inda za a sauke shi.

Ta ce, "Ba zan dafa ba. Amma in na bari aka ɗauka, Hajo za ta dafa, yaran nan dai su za su ci."

"A zubar a bola."

"Bola? Kafin mu juya baya an tsince shi tas. Ba ka ga idon Ado ba? Gobe war haka ana ƙosai da shi a bakin titi."

"A binne."

"Buhu guda? A ina? Akuya ma sai da ka ɗora dutse."

Ƙonawa ma ba ta yiwu ba, hayaƙin zai bi gidajen mutane. Shi Sabo dama ba mai gaggawa ba ne, ko tsoma zane zai yi sai ya tsaya ya karanci ruwan. Yana ta jujjuya hannayensa yana kallo.

Can ya ce, "Akwai rijiyata guda a marina da ruwan baban cikinta ya mutu, tun wancan makon nake cewa zan kwashe. Ruwan ba ya rina zanen kirki, amma zai kama wake." Ya ɗago. "Abin da baba ya kama, ko mayunwaci ba ya kai shi baki. Ba ya wankuwa, ba ya sayuwa."

Sa'adiyya ta dube shi, ta dubi buhun.

Ya ce, "Amma Sa'a, kin san abin da zai biyo baya. Tukunyar nan ita ce mu."

"Na sani, Malam."

"Bahijja fa?"

Yarinyar tana can ɗaki tana bitar waƙar da aka koya musu ta tarbar baƙi, muryarta siririya tana fitowa ta taga.

Ta ce, "Gashinta ya taɓa yin ja ya dawo. Kyalla fa?"

Sabo ya tashi ya ari baro. Bayan la'asar ya dawo da jarka uku. Mataccen ruwan baba wari gare shi kamar masai a tsakiyar bazara, ga kauri, ga kumfa shuɗiya-shuɗiya a sama. Suka juye waken duka a rabin duro, wanda aka surfa da wanda ba a surfa ba, sai tafi guda da Sa'adiyya ta ƙulle a leda ta ajiye. Sabo ya tuttula ruwan. Ita ta karɓi muciya ta juya da kanta, ruwan yana fantsalo mata har damtse. Farin waken nan mai kyau ya yi ta nutsewa yana tasowa, ya koma toka-toka, ya koma shuɗi, ya koma baƙi. Wari biyu suka haɗu a tsakar gida, har maƙwabta suna tambaya ta katanga ko masai ne ya fashe.

Da sassafe mai baron Alhaji ya zo, Sabo ya ce masa matar gidan za ta kai da kanta.

Ƙarfe goma makaranta ta cika. An jera yara a rana, kowa da kwanonsa a wanke. Baƙi sun zauna a rumfa, wata Hajiya mai gilashi tana magana a lasifika, tana cewa wake shi ne naman talaka, yaron da ya ƙoshi shi ke gane karatu. Ana ta tafi. Sa'adiyya ta shigo ta ƙofar baya da farar hularta a goge, Sabo yana tura baro, buhun yana ɗigar da shuɗin ruwa a kan duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa.

Alhaji ya hango su ya taho da sauri, ya tare su a bayan aji uku. "Ina alalar?"

Sabo ya kwance bakin buhun. Alhaji ya leƙa, ya ja da baya yana toshe hanci da hannun riga.

"Me... me ye wannan?"

Ta ce, "Wakenka ne, ranka ya daɗe. Ga shi nan cif, ko ƙwaya ba mu ci ba."

Bakinsa ya yi ta motsi. Ya ambaci 'yan sanda, sai kuma ya dubi rumfa ya haɗiye maganar, don ya san in suka zo tambaya ba a kan baba za ta tsaya ba. Ya kira direbansa ya raɗa masa wani abu. Ba a jima ba aka fito da robobin abincin otal daga but ɗin mota, aka zaɓo yara ashirin masu sabon yunifom, aka zaunar da su a tabarma gaban ƙyallen nan mai hoto. Aka juye musu soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza a kwanukansu. Masu kyamara suka durƙusa, aka ce yara su ɗaga cokali su yi dariya. Sauran ɗari biyu da wani abu aka kora su aji, suna leƙe ta taga da kwanuka a hannu.

Sa'adiyya ta ga ba wanda zai tambayi komai. Ta ratsa ta gefen rumfa, ta durƙusa gaban Hajiya mai gilashi, ta miƙa mata ƙullin ledar da hannu biyu.

"Hajiya, wannan ne waken da aka ba ni in dafa wa yaran nan. Ruwansa ya kashe akuya jiya. Don Allah ki shinshina."

Hajiyar ta dubi shuɗɗan hannayen Sa'adiyya da farko, sannan ta karɓi ledar da yatsa biyu. Ta ɗan kai hanci, ta yamutsa fuska, ta zaro hankici. "Subhanallahi. To, za mu duba, za mu duba in sha Allah. Ki rubuto a takarda ta hannun hedimasta." Wani ya taɓa ta ya ce ana jiranta a hoto. Ta ajiye ledar a kan kujera ta tashi.

Da motoci suka fita, ledar tana nan inda aka bar ta, tsakanin robobin ruwa da ƙasusuwan kaza.

Alhaji ya dawo, fuska a murtuke. Ya miƙa hannu. "Hular."

Ta cire ta ba shi. Yatsunta suka bar shuɗi a kan farin, ya riƙe ta da gefe kamar mataccen ɓera.

Ya ce, "Kin ji daɗi? Kin hana yara abinci, kin hana kanki. Kuma me kika gyara? Buhu goma sha biyu na raba a cikin ganuwar nan, ɗaya kika ɓata. Sauran makarantu ranar alalarsu Alhamis ce, gobe za su ci, ba abin da zai same su sai ƙoshi."

Ya juya ya shiga mota. Malam Mikail yana can bakin ofis yana duba wata takarda da ba a rubuta komai a kai ba.

Aka tashi yara. Bahijja ta taho da gudu, kwanonta a wanke tas, yana ƙyalli.

"Umma, yau babu?"

"Yau babu, uwata."

"Gobe fa?"

Sa'adiyya ta gyara mata ɗankwali. Sabo ya kama hannun yarinyar ya ce su je gida, akwai sauran garin kwaki a kwano, zai jiƙa mata. Ya ɗora buhun a baro don ya kai shi inda ake zubar da katsi, wato dattin rijiyar rini, ya dubi matarsa, ya gane ba gida za ta ba.

Ta koma rumfa ta ɗauki ledar daga kan kujera, ta karkaɗe ƙashin kazar da ya manne mata. A bakin ƙofar makaranta ta tarar da 'Yardada a tsaye, ta sha mayafi, igiyar Kyalla a naɗe a hannunta. Tun safe take nan, ta ji komai.

Tsohuwar ta ce, "Sha ɗaya ya ce?"

"Sha ɗaya, Inna. Ni kuwa Hajo kaɗai na sani."

"Hajo ta san wata, watan ma ta san wata. Yanzu duk suna can sun jiƙa, sun fara surfe." Ta ɗaga igiyar. "In ba su yarda da hancinsu ba, sa yarda da wannan. Mu je, kafin wata ta ba maƙwabciyarta ƙasari."

Rana ta take, cikin Sa'adiyya babu komai tun jiya, warin baba yana bin ta duk inda ta juya. Ta ƙulle ledar a bakin zane, ta rage sauri daidai tafiyar tsohuwa, suka kama hanyar Ɗan Agundi.